Muryar Da Aka Yi Wa Gyara: Ado Ne Ko Algus?

   

Akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo tsakanin samarinmu na Zariya, musamman 'yan makaranta na Samaru da yaran kasuwa na Sabon Gari, a kan waƙoƙin nan na hip hop, waɗanda wasu ke kira gambarar zamani. Duk wanda ya shiga keke daga ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi ta Kwangila ya sauka PZ, ko kuwa ya tsaya ɗan lokaci a rumfar masu tura waƙa cikin waya, da wuya ya bar wurin bai ji wani yanki nata ba. Wani ya ce mawaƙi wane ya lalace, tun da ya fara sa na'ura a muryarsa ya koma kamar aljani cikin gwangwani. Wani ya ce ai dama can ba shi da murya, kwamfuta ce ke yi masa waƙar. Na uku ya ce faifansa na farko shi ne waƙa, wannan na bana kuwa neman kuɗi ne kawai. Sa'an nan ƙaraminsu ya kada baki ya ce ku dai zamani ne ya wuce ku. Kalmar da ta fi yawan fitowa daga bakin masu suka ita ce yaudara, wasu har su ce cin amana.

To, yaudara da cin amana ba ƙananan kalmomi ba ne. Shari'a ta san su, ta yi musu iyaka, ta ɗora musu hukunci. Tun da yake yara sun ɗauko su suna jifan juna da su, ya kamata a zauna a duba ko sun faɗa inda ya dace.

Tun da fari ina so mai karatu ya sani ba hukuncin kiɗa da waƙa na zo yankewa ba. Wannan magana ce da manya suka daɗe suna saɓani a kanta. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 Hijiriyya, ya tsananta. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya ware babi guda cikin Ihya'u inda ya rarrabe abin gwargwadon mai yi da mai ji da abin da ake faɗa. A nan ƙasarmu ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi ba su tsaya wuri ɗaya ba a kan wasu kayan kiɗa, Malam Abdullahi ya fi tsanantawa. Wanda ya riƙi haramci, maganar ta ƙare a wurinsa tun daga bakin ƙofa. Amma ina roƙonsa ya yi haƙuri ya ci gaba da karatu, domin na'urar da ake magana a kanta ba ta tsaya ga masu gambara ba, za mu ga inda ta kai.

Abin da yara ke kira na'ura, a haƙiƙa manhaja ce ta kwamfuta, sunanta Auto-Tune. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Andy Hildebrand ya ƙago ta, kamfaninsa na Antares ya fito da ita kasuwa a 1997. Asalin sana'ar mutumin neman man fetur ce: a tura ƙara cikin ƙasa, a saurari yadda za ta dawo, a yi lissafin abin da ke kwance can ƙasa. Irin wannan lissafi ya juyo da shi kan muryar ɗan Adam. Yadda take aiki kuwa shi ne, mai situdiyo zai gaya mata matakan sautin da waƙar ke tafiya a kai. Idan mawaƙi ya rera, sai ta auna inda muryarsa ta tsaya, in ta ɗan gaza matakin da ake nufi ta ɗaga ta, in ta zarce ta sauko da ita. Akwai kuma inda ake saita saurin gyaran. Idan aka sa ta yi a hankali, ba mai ganewa, sai dai a ji mawaƙi bai kauce ko sau ɗaya ba. Idan kuwa aka ƙure saurin, sai muryar ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki. Muryar mutum, in za ta tashi ko za ta sauka, kamar mai bin gangare take yi, tana sulalewa. Na'ura kuwa sai ta mayar da gangaren matakala. Wannan tsallen shi ne ƙarar ƙarfe da ake ji, wadda ake kira muryar aljanu.

Mai karatu ya riƙe wannan bambanci na saiti biyu, domin a kansa maganar duka take tsaye.

Duniya ta fara jin saitin na biyu a 1998, cikin waƙar wata Ba'amurkiya mai suna Cher, kuma abin dariya, waɗanda suka haɗa waƙar da aka tambaye su sai suka ɓoye sirrin, suka ce wata na'ura ce dabam. Daga 2005 wani saurayi da ake kira T-Pain ya mayar da ita tambarinsa. A 2008 Kanye West, wanda aka sani da zuba magana, ya fito da faifai mai suna 808s & Heartbreak, shekara guda bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya rera kusan dukansa da wannan murya ta ƙarfe. Masoyansa suka rabu biyu, wasu suka ce ya yi watsi da su. A 2009 Jay-Z ya yi waƙa sukutum yana shelar mutuwar Auto-Tune. Ba ta mutu ba. Bal ma mawaƙan da suka taso bayan nan da yawa faifan Kanye ɗin suka bi.

Mu nan ta iske mu da ƙofa a buɗe. Tun ƙarshen shekarun 1990 fiyano ya ture kalangu da kotso daga waƙoƙin finafinan Hausa, situdiyo ya zama ɗaki ɗaya da kwamfuta ɗaya da makirufo ɗaya. Da manhajar ta iso sai ta shige waƙoƙin nanaye, ta shige na siyasa, ta shige na biki, har masu gambarar zamani, waɗanda da can suke alfahari da cewa su magana suke zubawa tsantsa, suka fara sa ta cikin amshi. Yau da wuya ka ji sabuwar waƙar Hausa ta situdiyo wadda ba a taɓa muryarta ba ko kaɗan.

Yanzu sai mu koma ga littafi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓo lema. Da ya tambayi mai abincin, sai ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi abin da ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sa'an nan ya barranta daga mai algus. A lura da kyau: ba a zargi mutumin don hatsinsa ya jiƙe ba, ruwan sama ba laifinsa ba ne. Ba a kuma hana shi sayar da jiƙaƙƙen hatsi ba. Abin da aka kama shi da shi ɓoyewa ce. Da ya juyo lemar sama, ya ce ga abin da nake da shi, mai so ya saya, da cinikinsa ya halatta.

Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun bi wannan asali sun yi masa rassa. Mai Risala, a babin ciniki, ya jera abubuwan da ba su halatta ba, cikinsu akwai ɓoye aibin haja, da yaudara da daɗin baki, da cakuɗa mummuna da kyakkyawa. Akwai kuma mas'alar dabbar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci sarkin nono ya samu. Hadisi ya ba mai sayen zaɓi bayan ya tatsa: ko ya riƙe, ko ya mayar ya haɗa da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya sha. Shehu Halilu cikin Muhtasar ya kawo wani misali da nake jin ya fi kowane kusa da maganarmu, ko da yake na zamanin cinikin bayi ne wanda ya wuce: a shafa wa rigar bawa tawada don mai saye ya zaci marubuci ne. Mai sayarwa bai buɗe baki ya ce bawan nan ya iya rubutu ba. Tawadar ce ta yi masa ƙaryar. Duk da haka malamai suka ce daidai yake da wanda ya yi sharaɗi da bakinsa, domin ruɗi da aiki ɗan'uwan ruɗi da magana ne.

To, mu ɗora saitin nan biyu a kan wannan ma'auni, mu ga abin mamaki.

Muryar ƙarfe, wadda samari ke kuka da ita, wa ta ruɗa? Yaro ɗan shekara bakwai ya san ba a haifi mutum da irin wannan maƙogwaro ba. Mai yin ta ya juyo lemar sama, yana cewa ku ji, na sa na'ura. Misalinta misalin lallen amarya ne da kwallinta: ba wanda ya taɓa zaton da jan tafin hannu ta zo duniya, saboda haka ba wanda zai kai ƙara wurin alƙali cewa an cuce shi. Kana iya cewa lallen bai yi kyau ba, ya yi yawa, ya ɓata hannun. Ni kaina, in an tambaye ni, kunnena da ya tashi da muryar Mamman Shata da ta Musa Ɗanƙwairo bai taɓa sabawa da wannan ƙara ba, kuma ba na jin zai saba. Amma rashin daɗi a kunnena ba ya mayar da abu algus.

Ɗaya saitin fa, na a hankali, wanda ba ya barin alama? Nan ne mawaƙin da bai iya riƙe kari ba yake fitowa kamar gwani, a yi ta yabonsa ana cewa ga mai murya ta Allah da Annabi, ba irin masu na'ura ba. Wannan ita ce tawadar da aka shafa wa riga. Watau dai masu sauraro sun tasa mai gaskiya gaba da zagi, sun ɗauki wanda ya fi kusa da shubuha sun ɗora a kafaɗa. Abin da suke ƙi shi ne su ji na'urar. In dai ta ɓuya, lafiya lau.

Sai dai kada mu yi gaggawa mu ce duk gyaran da ya ɓuya haramun ne. Akwai ƙa'ida wurin malamai cewa abin da al'ada ta sani kamar an yi sharaɗinsa ne. Iyayenmu da yayyenmu da suka riƙa cika gidajen silima na Sabon Gari suna kallon finafinan Indiya, ba a cuce su ba don jarumar da ke juyi ba ita ke rera waƙar ba. Muryar Lata Mangeshkar ce ko ta wata irinta, ta namijin kuma ta Muhammad Rafi ce ko waninsa, ana kuwa rubuta sunayensu a farkon fim. Haka finafinanmu na Hausa suka gada, kowa ya san mai motsa baki dabam, mai waƙa dabam. Haka nan kuma kowa ya san aikin situdiyo ba tashi ɗaya ake yinsa ba. Tun zamanin kaset ana maimaita baiti sau biyar a zaɓi mafi kyau, a yanke a haɗa. Lasifika ma na'ura ce, tana ba mai ƙaramar murya abin da ba shi da shi, ga ta kuwa a kan kowane masallaci. Idan ɗan gyara ya zama sananne ga mai saye da mai sayarwa, kamar yadda aka san ana goge takalmi kafin a baje shi a kasuwa, to ruɗi ya ragu ƙwarai, ko ma ya kau.

Inda abin ke komawa algus sosai shi ne inda aka karɓi kuɗi ko matsayi a kan abin da babu. Mutum ya ji faifai, ya ɗauko mawaƙi da tsada don bikin 'yarsa, da nufin a zo a rera masa. Mawaƙi ya iso, a kunna faifan, ya riƙe makirufo yana motsa baki, in wuta ta ɗauke sai a ji shiru, ko a ji abin da gara shirun. Wannan ijara ce, kuma sai a tambaya a kan me aka ƙulla ta. In mai biki ya san haka ake yi ya yarda, ruwansa. In kuwa rerawa ya saya aka ba shi motsin leɓe, an sayar masa da akuyar da aka ɗaure wa hantsa, yana da hakkin ya nemi kuɗinsa. Turawa ma da ba su karanta Muhtasar ba sun gane wannan. A 1990 aka ƙwace babbar kyautar waƙa ta Grammy daga hannun wasu samari biyu da ake kira Milli Vanilli, bayan ta bayyana cewa ba su ne suka rera ko baiti ɗaya na faifansu ba.

Akwai kuma wani ruɗi da ba a kai shi gaban alƙali, shi ne wanda mutum ke yi da sunan kansa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mace mai kishiya ta tambayi Annabi ko akwai laifi ta riƙa nuna mijinta ya ba ta abin da bai ba ta ba. Sai ya kamanta mai tinƙaho da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Murya kyauta ce, kamar tsawo da ƙarfin gani. Wanda ba a ba shi ba bai yi laifi ba, kuma ba a rufe masa ƙofa ba. Abdullahi ɗan Zaidu ne ya ga kiran salla a mafarki, amma aka umurce shi ya koya wa Bilalu don muryar Bilalu ta fi tasa kaiwa nesa, kuma har yau ba a manta da sunan Abdullahi ba. Mu Zazzagawa ba ma bukatar tafiya nesa. Malam Aliyu Namangi, makaho mai Imfiraji, baitocinsa sun ratsa ƙasar Hausa a bakin almajirai da makafi masu murya iri iri, mai daɗi da marar daɗi, ba wanda ya ce sai an gyara su kafin su shiga zuciya. Saurayin da Allah ya ba hikimar magana bai ba shi murya ba, in ya nemi taimakon na'ura don maganarsa ta fita, ban ga abin zargi ba matuƙar bai yi da'awa ba. Amma ranar da aka yabi muryarsa a gidan rediyo ya sunkuyar da kai ya ce baiwa ce daga Allah, ranar ya sa riga ta farko. Ranar da shi kansa ya yarda da haka, ya daina koyo, ya sa ta biyu. Mawaƙan da ba a haife su gwanaye ba. Yaro yakan yi shekaru cikin 'yan amshi, ana tsawata masa in ya kauce, kafin ya isa ya ja waƙa. Wannan horon ne na fi jin tsoron na'urar za ta kashe, tun da yake ta ɗauke wa yaro kunyar kuskure, wadda ita ce malaminsa na farko.

Mai sauraro shi ma yana da nasa hisabin. Cewa wane bai iya waƙa ba, kwamfuta ce, shaida ce, kuma ba a shaida sai da sani. T-Pain ɗin nan ya yi shekaru ana yi masa wannan shaida a duniya duka. A 2014 ya zauna a ofishin wani gidan rediyon Amurka, da mai fiyano guda, ba na'ura, ya rera, mutane suka riƙe baki. A 2019 kuma ya ci gasar waƙa ta talabijin fuskarsa a rufe. Ashe yana da muryar, ado ne ya zaɓa. Duk waɗanda suka yi ta rantsuwa a kansa zato suka bi.

Batun cin amana don mawaƙi ya sauya salo kuwa, ba zan daɗe a kansa ba. Amana sai da alkawari, kuma ban san mawaƙin da ya yi wa masu sauraro alkawarin zai tsaya yadda suka fara jinsa har ya mutu ba. Sau da yawa wanda ke kukan faifan farko, ba faifan yake nema ba, shekarunsa na ɗakin kwanan ɗalibai a Samaru yake nema, da abokan da suka watse. Wannan kuwa ba mawaƙin da zai iya mayar masa. Sauyin da ya cancanci a tsaya a kansa na magana ne. Gambarar Hausa ta yi suna ne da faɗin abin da ke damun matasa, kamar yadda Nazir Hausawa, wanda ake kira Ziriums, ya yi lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta tsananta wa masu fim da mawaƙa daga 2007. Idan wanda aka sani da kukan talaka ya koma kirarin wanda ya fi biya, ko zagin wanda aka biya shi ya zaga, ko siffanta jikin 'yar mutane, to nan akwai abin tambaya, ko da muryar tsantsa ya yi. Malamai sun daɗe da cewa waƙa magana ce, mai kyanta mai kyau ne, mummunanta mummuna ne. Ina kuwa lura, a duk gardamar da nake ji a keke da rumfuna, ana iya cin sa'a guda a kan ƙarar murya ba wanda ya tambayi abin da muryar ta ce.

A matsayina na mai koyar da harshe, akwai wata ɓarna ƙarama da ba zan iya wucewa ban ambata ba. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na mai hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala, hawa da saukar murya ne ke raba su. Mawaƙan da sukan gina karin waƙa a kan karin magana, shi ya sa ko tsohuwa a ƙauye ba ta rasa kalma cikin waƙar Shata. Yanzu kuwa a aro kari daga Indiya ko Amurka, a cusa kalmomin Hausa ciki, sa'an nan na'ura ta ɗaure muryar a kan wannan kari ba ta bar wa kalma wurin numfashi ba. Sai ka ji Bahaushe yana tambayar Bahaushe me aka ce a nan.

Na ce a baya na'urar ba ta tsaya ga masu gambara ba. Situdiyon da ake yin waƙar biki da safe, shi ne ake yin begen Annabi da rana, wani lokaci a ɗauki karatun Alƙur'ani da dare, kwamfuta ɗaya, hannu ɗaya. Manhajar ba ta san bambancin baiti da aya ba. Kowa ya saurari karatun da ke yawo a wayoyi zai ji amsa-kuwwar da aka ƙara, har harafi ɗaya ya riƙa dawowa sau biyu sau uku, ya hau kan na bayansa. Wanda ya iya ƙara wannan, ɗayan gyaran ma yana ƙarƙashin yatsansa. A nan maganar al'ada ba ta da ƙarfi, domin jama'a ba su san ana yi ba, kuma ba su yarda a yi ba. An umurce mu mu ƙawata Alƙur'ani da muryoyinmu, namu na kanmu. Annabi ya yabi karatun Abu Musal Ash'ari har ya kamanta muryarsa da abin da aka ba iyalan Annabi Dawuda, kuma an ruwaito Abu Musa ya ce da ya san ana saurarensa da ya ƙara ƙawatawa. Wannan ƙawatawa ce ta ƙoƙarin mai karatu da tsoron Allah da ke ƙirjinsa, lada ma yake nema da ita. Mai Risala kuwa ya hana karanta Alƙur'ani da karairayar murya irin ta waƙa, kuma karkarwar da na'ura ke sawa ba ta da wani suna sai wannan. Daɗin daɗawa, karatun da alarammominmu matasa ke koyo daga Misira da Hijaz yana bi ta wasu sautuka da ke tsakanin matakan fiyanon Turawa, in mai situdiyo bai san haka ba sai na'ura ta ja su zuwa inda mai karatu bai nufa ba. Ga kuma sabuwar fitina ta kwamfutar da ke kwaikwayon muryar mutum ɗungum. A 2023 an saki waƙa da muryar Drake da The Weeknd alhali ba su san da ita ba, sai da kamfaninsu ya sa aka cire ta. Abin da aka yi wa mawaƙi ana iya yi wa malami, a sa masa fatawar da bai bayar ba.

Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, ta tsira daga wannan duka saboda dalili ɗaya: mai karatu yana zaune gaban alƙalai, suna jan masa aya daga inda suka ga dama. Kwamitocin masallatanmu na Samaru da Sabon Gari, waɗanda a 'yan shekarun nan wasunsu kan ji karatun yaro a waya su ce shi za a ɗauko ya ja baƙi a tafsiri ko ya yi limancin Tahajjudi, ya kamata su ari wannan hanya. A kira shi zaure bayan sallar Asuba, lokacin da murya ba ta gama buɗewa ba, ba lasifika ba amsa-kuwwa, a zaunar da tsohon alaramma kusa da shi, a ja masa daga tsakiyar Ma'ida ko Yunusa. Alaramman ba daɗin murya zai saurara ba, mafitar harafi zai bi, da tsawon madda, da inda yaron ke tsayawa in numfashinsa ya ƙare.